Abin da muka gani a kasuwar Kantamanto



Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Zumunci ne ya kai mu Ankara, babban birnin ƙasar Gana, muka sauka wurin dangi a Sabon Zango. Da muka kwana uku, mai masaukinmu ya ce ba mu komawa Maraɗi sai mun ga Kantamanto, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin gwanjo na duniya, wadda take daura da tsohuwar tashar jirgin ƙasa.

Bayan sallar asuba muka kama hanya. Ko da muka isa, an fara kwance diloli, kowane dila ya kai kilo 55, an ɗauro shi daga Ingila, ko Amurka, ko Sin. Ɗan kasuwa yakan biya kuɗi bai ga abin da ke ciki ba, sai ya yanke igiya ya san ko riba ya sayo ko asara. Mutanen wurin suna ce wa kayan "obroni wawu", wato tufafin Baturen da ya mutu, domin a da ba su zaci mai rai zai rabu da sutura mai yawa haka ba. Ƴan mata ƴan dako, galibinsu daga arewacin Gana, su ke ɗaukar dilolin a ka. Ana kiransu kayayei, kuma farkon sunan kalmarmu ce ta "kaya".

Ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi miliyan 15 ke shiga kasuwar a kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari kan ƙare a juji. Mun ga shaidar haka a bakin teku wajen Jamestown, inda tsummoki suka cuɗe da yashi har suna sarƙe komar masunta. A farkon Janairun 2025 gobara ta cinye mafi yawan rumfunan kasuwar, amma mun tarar an sake kafa su.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne layin teloli. Can ake rage wando, a yi wa riga sabon wuya, a rina wadda ta koɗe, a goge ta, ta koma kasuwa da daraja. Sai muka tuna iyayenmu mata: tsohon zane ya zama majanyi, majanyi ya zama gammo ko cikon matashi, rigar wa kuma ta gangaro ga ƙane. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ba da labarin cewa Manzon Allah (SAW) yakan ɗinke tufarsa da hannunsa.

Yawancin kayan nan da sunan kyauta masu su suka bayar, amma yagaggen cikinsu ya zama wahala ga wanda ya karɓa. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mu zaɓen mummuna mu yi sadaka da shi. Saboda haka, kafin ɗari ya shigo, kowane gida ya buɗe akwatinsa. Abin da ke da kyau a wanke, a ɗinke, a mayar da maɓallin da ya fita, a naɗe, a kai wa maraya ko almajirin unguwa a asirce, ba tare da gori ba. Wanda ya mutu kuwa a bar shi gida a yi tsumma da shi. Kayan salla ma a saye su gwargwadon bukata, domin Allah ba ya son masu almubazzaranci.

Allah ya suturta mu duniya da lahira, ya sa mu zamo masu suturta waɗansu. Amin.