Hoton Kaka da dogon yaro

Ni malamin firamare ne a Babban Katami, cikin jihar Tawa. Bayan na fito daga makarantar horon malamai ta Tawa, na yi shekaru ina aiki da alli da allo kawai. Kwamfuta kuwa sai da na girma na taɓa ta. Ku saurara, yara, in ba ku labarin hasarar da na yi lokacin da na fara gyaran hoto da ita.

Wata shekara na sayi tsohuwar kwamfuta a Madawa. A lokacin salulata ta cika da hotuna: na suna, na biki, na ƴan ajina, na gonar albasa. Wani abokin aikina ya nuna mini yadda ake haɗa salula da kwamfuta da igiya. Na kwashe hotunan duka na zuba a ciki, sa'an nan na goge na salula don in sami wuri.

Da na buɗe, sai na ga abu kamar an zuba gero da dawa da wake a rumbu guda. Hotunan ba su da suna, sai lambobi. Na kwana biyu ina neman hoto ɗaya tak, hoton kakana.

Kakana yana cikin mutanen da suka dasa dogon yaro a kwarin Majiya, wajen Buza. An fara wannan aiki a 1975, bayan babban fari. An jera itatuwa layi-layi don su tare iska, kada ta kwashe ƙasar gona. Wata rana na raka shi can. Ya tsaya gindin wani babban dogon yaro, ya dafa shi da hannu, ya ce: «Ɗauke ni nan.» Na ɗauke shi.

Da na sami hoton, sai na ga fuskar Kaka ta yi duhu saboda inuwa. Abokina ya sa mini wata manhaja ta gyaran hoto mai suna GIMP, wadda ake samu kyauta. Na ƙara haske, fuska ta fito sarai. Na ji daɗi. Sai na ce bari in yanke gefe da gefe, fuskar ta cika hoton. Na yanke sama, na yanke dama. Da na zo ajiyewa, kwamfuta ta yi mini tambaya da faransanci: ko in maye gurbin hoton farko da wannan? Ban tsaya na karanta ba, na danna «i».

Na kai wa Kaka ya gani. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce:

«Kai, Malam, ina itacen?»

Na ce: «Kaka, ai fuskarka na gyara.»

Ya yi dariya ya ce: «Fuskata kowa ya san ta. Don itacen na tsaya.»

Na koma gida da gudu in maido da hoton farko. Babu shi a kwamfuta, babu shi a salula. Ku sani, hoto ɗigo-ɗigo ne ƙanana masu launi, ana ce musu fiksel. Hoto mai ɗigo 4000 a tsawo da 3000 a faɗi yana da ɗigo miliyan 12. Abin da ka yanke ka ajiye a kan na farko, ɗigoginsa sun tafi ke nan. Laifin ba na na'ura ba ne, nawa ne.

Na ce wa Kaka za mu koma Majiya bayan girbi. Kafin a gama yankan gero, Allah ya yi masa rasuwa. Yau hoton fuskarsa yana rataye a ɗakin Inna. Hannunsa da itacensa ba sa ciki.

Tun daga ranar na canza hali. Hotuna suna shiga kwamfuta, sai in buɗe musu jaka, wato dosiye. Kowace jaka da sunanta: shekara, wata, sa'an nan wuri ko sha'ani, kamar «2024-10 komawa makaranta». Idan shekara ta zo farko, jakunkuna suna jeruwa da kansu bi da bi. Ba na taɓa hoton asali. Kwafinsa nake yi, in gyara kwafin, in ba shi wani suna. Ƙarshen kowane wata kuma ina kwafe kome a ɗan makullin ajiya na USB, in sa shi cikin akwati, nesa da ƙura da zafi. Manomi ba ya cinye irin shuka.

Kafin in yanke hoto kuma, ina tambayar mai shi abin da yake so a gani. Kuma duk abin da kwamfuta ta rubuto, da hausa ne ko da faransanci, sai na karanta shi har ƙarshe kafin in danna.

Tambayoyi

1. Me ya sa Kaka ya tsaya gindin dogon yaro?
2. Wane kuskure malam ya yi wajen ajiye hoton?
3. Hoto mai ɗigo 2000 a tsawo da 1500 a faɗi, ɗigo nawa ke gare shi?