Bahaguwa da Kwarashi

A zamaninmu, da wuya yarinya bahaguwa ta tashi da sana'ar hannu. Basirar tana nan, masu koyarwar ne ba su san ta inda za su ɓullo mata ba. Ni bahaguwa ce tun haihuwa, kuma sai da na yi jikoki sannan na iya saƙar kwarashi. Abin da wannan koyon tsufa ya nuna mini nake so in bar wa iyaye da malamai.

Masana sun ce kusan mutum 1 cikin 10 bahago ne. Ke nan a aji mai yara 50, za a iya samun biyar da hagunsu ta fi damarsu ƙarfi da saiti. Iyayenmu sun hore mu mu ci da dama, mu sha da dama, mu miƙa mu karɓa da dama, kuma sun kyauta, domin koyarwar Manzon Allah ce, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Har gobe da dama nake cin tuwo. Sai dai horon ya zarce inda addini ya tsaya. Allura, muciya, tsintsiya, alƙalami, duk aka ce sai dama. Yarinya ta ɗauki kwarashi da hagu a buge hannun, ta mayar dama zare ya ƙi biyuwa, sai a ce ba ta da hannun sana'a. Haka aka yanke mini hukunci a makarantar 'yan mata, na ajiye kwarashi, na bar wa masu hannu.

Wata matashiya maƙwabciyarmu, mai saƙa hulunan jarirai da safa tana sayarwa lokacin hunturu, ita ta warware mini wannan ƙulli. Da na zauna kusa da ita zan koya, ta lura da hannun da na miƙa, sai ta ce, "Mama, kada ki zauna a gefena. Dawo gabana mu fuskanci juna." Da muka yi haka, damarta ta daidaita da haguna kamar ina duba madubi. Ta cusa kwarashi, na cusa. Ta naɗo ulu, na naɗo. Ta jawo, na jawo. Abin da ya gagare ni tun ina budurwa, sauya wurin zama ya kawo ƙarshensa.

Daga nan na gane cewa saƙar bahago daidai take da ta kowa, alƙiblarta ce kawai ta juya. Mai saƙa da dama tana tafiya a layi daga dama zuwa hagu, ni kuwa daga hagu nake tasowa. In ana saƙa hula, wadda ake zagayawa daga tsakiyar kai, nawa zagayen yana bin hannun agogo, nata yana saɓa masa. In an gama, sai gwanar saƙa ce za ta iya bambanta su. Wuri ɗaya ake taka tsantsan: idan za a saƙa suna ko wani rubutu a jikin mayafi, bahaguwa ta karanta zanen ta nata ɓangaren, in ba haka ba haruffan su fito a juye. Shi kansa kwarashi ba ruwansa da hagu ko dama. Almakashi ne aka ƙera wa na dama, shi ya sa yake tauna zare a hannunmu maimakon ya datse shi.

Ga mai farawa, shawarata ta nemi ulu mai kauri, mai haske, da kwarashi mai milimita 4 ko 5. Baƙin ulu yana ɓoye idon saƙa, musamman ga mai shekaru irina. Ta daɗe a kan sarƙa, wadda ita ce tushen komai, har idanun su riƙa fitowa girma ɗaya. Ta ƙirga su a ƙarshen kowane layi, don tsallake ido ɗaya ke sa gefe ya riƙa tsukewa ba a ankara ba. Yaran yanzu ma sun samu sauƙi: akwai bidiyon koyarwa na bahagwai a intanet, in kuma na dama aka samu, a jingina waya gaban madubi a kalla ta ciki.

Saƙa ta nuna mini cewa hannun da ba ya riƙe kwarashi ba zaman banza yake ba. Damata ce ke riƙe ulu a kan manuniya, tana sassautawa tana ja, kuma daga nan kyan saƙa ko muninta yake fitowa. Saƙa ta kuma koya mini sauƙin gyara. Ido ɗaya tak ke kan kwarashi a mafi yawan lokaci, don haka in layi ya ɓaci sai a zare kwarashin, a ja ulu, a koma inda aka kauce a ci gaba. Ulun bai lalace ba, lokaci kaɗan ne ya tafi. Da ma haka muke yi wa 'ya'yanmu in sun kauce, da an rage yawan waɗanda aka fitar wa da rai tun suna ƙanana.

A fagen dambe, bahago abin shakka ne, har 'yan wasa da yawa suna alfahari da laƙabin. A tsakar gida kuwa, bahaguwa ake cewa ba ta iya komai ba. Wannan rashin adalci ne ga baiwar da Allah ya yi. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi, na kuma gani a kaina, amma ba na fatan wata yarinya ta jira furfura kafin ta san hannunta na da amfani.

Ke uwa, kai malami, ku koya wa yaro ladabin dama inda addini ya ce. In an zo sana'a, ku ajiye masa kayan aikin a tsakiya ku ga hannun da zai miƙa. In hagu ce, kada ku murɗe hannunsa. Ku tashi ku koma gabansa ku koya masa.