Kwanakin Keɓewa a Miango

Litinin

Na iso da la'asar, sanyin Filato ya tarbe ni tun daga bakin ƙofa. 'Yan mishan na SIM ne suka kafa gidan hutun nan a 1914. Na kashe waya, na cusa ta ƙasan jaka. Tun da na yi ritaya aka daina ce mini Hedimasta, sai dai Baba. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, ban dai gaya wa kowa ba.

Talata

Ashe shiru ba shi da daɗi. Na durƙusa addu'a, zuciya ta tafi lissafin fansho.

Laraba

Na karanta Matiyu sura 3 da 4 a jere. A Kogin Urdun Uba ya shaida ƙaunarsa ga Yesu tun bai warkar da ko mutum ɗaya ba, tun ana saninsa da ɗan masassaƙi daga Nazarat. Daga nan sai jeji, kwana 40 ba ci. Shaiɗan kuwa wannan shaidar ya nufa, yana so Yesu ya tabbatar da ita da abin al'ajabi: dutse ya zama gurasa, ko ya diro daga kan Haikali. Yesu bai biye masa ba, don abin da Uba ya riga ya faɗa ya ishe shi. Mu fa? Dattijo ya faɗi zaɓe a ikilisiya, sai ka neme shi a sujada ka rasa. Na san irinsu, kuma yau ban iya yi musu dariya ba.

Alhamis

Na zaga maƙabartar 'yan mishan. Akwai kaburburan yara ƙanana, suna da shekara kawai a jikin dutse. Ba su riƙe muƙamin komai ba, Ubangiji kuwa ya san kowannensu. Sai na tuna Henri Nouwen, limamin Katolika ɗan ƙasar Holan, wanda ya bar koyarwa a Harvard a 1985, ya koma Kanada zama da naƙasassu waɗanda littattafansa ba su dame su ba.

Juma'a

Da asuba na yi addu'a ban roƙi komai ba, na zauna dai a gabansa har gari ya waye. Na kunna waya na rubuta wa Fasto: kada a sa sunana cikin zaɓen dattawa na bana, a ba ni ajin yara na makarantar Lahadi.