Maganin da Jini Bai Iya Cinyewa

A shekarar 1975, John Hughes da Hans Kosterlitz na Jami'ar Aberdeen a Birtaniya suka gano cewa ƙwaƙwalwa tana haɗa nata maganin raɗaɗi, mai aiki irin na mofin. Sunansa enkefalin. Feftayid ne, wato gajeren carbi na amino asid, kuma nasa ƙwayoyi biyar ne kacal. Murna ta koma ciki da aka ga yadda yake ƙarewa a jini: cikin 'yan mintoci sinadaran da ake kira enzayim sun datse shi gunduwa-gunduwa. Maganin da bai kai inda aka aike shi ba, ƙarfinsa na banza ne.

Dabarar da masana suka samu ta ta'allaƙa ga sura. Yawancin amino asid suna da siffa biyu, kamar hannun hagu da na dama, kuma jiki da ta hagu yake gini. Almakashin jini ma ita ya sani. Idan aka sauya ƙwaya ɗaya da takwararta ta dama, sai ya kasa kamawa. A 1976 Candace Pert da abokan aikinta suka sa amino asid mai siffar dama a gurbin ƙwaya ta biyu ta enkefalin, aikinsa ya daɗe.

Ba a ɗaukar juriyar sabon feftayid da ka. Ana zuba shi a jini ko ruwan jini, a ajiye a zafin jiki, digiri 37, a riƙa ɗiba lokaci-lokaci ana auna abin da ya saura. Ana yin haka da jinin mutum, a kuma yi da na biri, domin enzayim sun bambanta daga dabba zuwa dabba. Kafin magani ya kai ga ɗan Adam, a jikin dabbobi ake gwada illarsa. In jinin biri yana rusa shi da sauri fiye da na mutum, lafiyar da aka gani a biri yaudara ce, domin maganin bai zauna a jikinsa ba balle ya nuna halinsa.

Difelikefalin ya nuna inda wannan hanya ta kai. Amino asid huɗu na jikinsa duk masu siffar dama ne. A watan Agusta na 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don ƙaiƙayin da ke addabar masu wankin ƙoda. Amma juriya tana da nata nauyi: abin da jini bai datse ba, dole a fitar da shi yadda ya shiga, kuma babbar ƙofar fitarsa ƙoda ce. A jikin mai ciwon ƙoda yakan kwana, injin wanki kuma yana kwashe yawancinsa. Shi ya sa ake yin allurarsa a ƙarshen kowane wanki, sau uku a mako.