Sabon Masarrafi a Tsohon Gurbi

Kwamfutar da nake aikin kundin digirina na uku a kanta ba domin karatu aka haɗa ta ba. A shekarar 2017 na tara kayanta ɗaya bayan ɗaya domin wasa: masarrafin Ryzen 5 1600 na kamfanin AMD, babban allo samfurin B350, katin hoto na GTX 1060, da ram mai gigabayit 16. Sai da bincikena ya karkata ga tsawon wasula a Katsinanci ta zama rumbun muryoyin da na naɗo daga ƙauyuka, waɗanda nake buɗewa da manhajar Praat ina aunawa.

Masu karatun wannan mujalla za su so jin dalilin da ya sa na ce masarrafi. Masu gyara furosesa suke cewa, 'yan jarida kuma sun fi son ƙwaƙwalwar kwamfuta. Wannan na biyu yana da daɗin ji, amma yana rikita mai koyo, domin ƙwaƙwalwar mutum tana ajiya tana kuma lissafi, alhali a kwamfuta an raba ayyukan biyu ga sassa daban-daban. Masarrafi kuwa ya hau tsarin da muka gada na sunan kayan aiki, irin na mabuɗi da madubi da ma'auni, kuma ya faɗi aikin abin ba tare da ƙari ba.

Abin da ya tilasta mini tunanin sauyi ba wasa ne kaɗai ba. A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, kuma zubin farko na Ryzen ba ya cikin jerin masarrafan da aka amince su ɗauki Windows 11. Dattawan da suka zauna da ni suka ba ni muryarsu amana suka ba ni, bai dace in bar ta a kan na'urar da ke hawa intanet ba tare da kariya ba. Ta fuskar wasa kuma tsufa ya bayyana. A Civilization VI, inda nakan ɗauki daular Mali ta Mansa Musa, idan wasa ya yi nisa kuma dauloli suka cika taswira, sai in zauna ina jiran kwamfuta ta gama lissafin motsin kowace daula kafin ƙafa ta dawo kaina. Wannan jira aikin masarrafi ne, ba na katin hoto ba.

Zancen komawa sabon gurbin AM5, wanda ya fito a 2022, bai daɗe a raina ba. Ba ya karɓar sai ram samfurin DDR5, ma'ana sai na sayi allo da ram da masarrafi a lokaci guda. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a Yunin 2023, duk abin da ake yi wa farashi da dala ya yi wa ɗalibi nisa, kuma kuɗin da ke hannuna shi ne na komawa Daura da Kankiya in ƙarasa naɗar bayanai.

Sa'ata ita ce gurbin AM4 ya yi tsawon rai irin wanda ba a saba gani ba a wannan sana'a. An fito da shi a 2016, kuma zubi bayan zubi na Ryzen ya ci gaba da zama a cikinsa. A 2020 kamfanin ya fara cewa tsofaffin alluna ba za su ɗauki zubin 5000 ba, yana kafa hujja da ƙanƙantar ma'ajiyar BIOS, wadda a allunan da yawa ba ta wuce megabayit 16 ba. Masu saye suka yi ca, ya sassauta wa alluna samfurin 400, sannan a 2022 ya buɗe ƙofa har ga irin nawa. Saboda haka allon da ya kusa shekara tara yana iya ɗaukar masarrafin da ya girme shi da ƙarfi nesa ba kusa ba.

A nan ne zaɓi ya yi wuya. Ryzen 7 5800X3D, da ƙaninsa 5700X3D da ya biyo baya a farkon 2024, su ne abin sha'awar duk mai wasa. An ɗora musu ƙarin ma'ajiyar kusa a saman ainihin masarrafin har ta kai megabayit 96, inda nawa yake da 16 kacal. Amfaninta shi ne, bayanan da wasa ke yawan nema suna nan kusa, ba sai an je ram an ɗauko ba, kamar mai shago da ya jera kayan da aka fi tambaya a gaban teburinsa maimakon ya riƙa zarya zuwa sito. Wasannin dabara irin nawa suna cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan. Na yi makonni ina kallon 5700X3D.

Amma sauran jikin kwamfutar yana da nasa ra'ayi. GTX 1060 kati ne na 2016, kuma a yawancin wasanni shi zai gaji tun kafin masarrafin ya yi gumi, don haka rabin ƙarfin da zan biya kuɗinsa zai zauna ba aiki. Sannan masarrafan nan biyu an ƙiyasta su a kan wat 105, ba sa zuwa da fankar sanyaya su, sai an saya daban. Allona na masu sauƙin kuɗi ne, sassan da ke daidaita masa wuta ba su da kauri. Wanda ya san ɗakin Kano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, ya san cewa alƙaluman da ake aunawa a ɗakunan gwaji masu sanyi ba da mu ake yi ba. Ga kuma batirin sola, wanda kowane wat yake rage masa daren da zai iya rayawa.

Ryzen 5 5600 na ɗauka. Cibiyoyinsa shida ne kamar na tsohon, wat 65 ne kamar na tsohon, yana zuwa da fankarsa, ma'ajiyarsa ta kusa megabayit 32 ce, kuma kowace cibiya tana aiki da saurin da na 2017 ba zai kama ƙurarta ba. Dala 199 aka sa masa ranar fitowarsa a 2022, inda aka sa wa 5800X3D dala 449. Sabo na nema, ba na hannu ba, domin masarrafan AM4 a jikinsu allurai suke, guda 1,331, kuma guda ɗaya da ta lanƙwashe a aljihun wani ta isa ta hana na'ura tashi.

Aikin da ya fi sa ni fargaba bai kai minti goma ba. Dole a sabunta BIOS tun tsohon masarrafin yana ciki, domin allon bai san sabon ba sai an gabatar masa da shi, kuma idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutawa allon na iya mutuwa ɗungurungum. Na kwafe muryoyin Katsina zuwa faifai biyu, na jira tsakar rana batiri ya cika, na cire kwamfutar daga wutar gari gaba ɗaya, sannan na danna. Da ta tashi na kashe ta, na ɗan murɗa fankar hagu da dama kafin in ɗaga, saboda busasshen man da ke tsakani yakan fizgo masarrafi daga gurbinsa.

Windows 11 ta hau ba gardama bayan na kunna fTPM a cikin BIOS. Jiran da nake yi wa daulolin Civilization ya ragu ƙwarai. Praat kuwa, wadda dama ba ta taɓa kuka da tsohon ba, ba ta nuna ta san an yi wani sauyi ba. Katin hoton zai jira sai bayan na dawo daga Kankiya.