Barcinmu da Abincin Dare a Agege

Tun da aka ba gidan abincin bakin layinmu lasisin kaiwa ƙarfe 2 na dare, barci ya gagare mu. Janareta na ruri, masu babur na danna hon, hayaƙi na shigowa ta taga. Yaranmu na gyangyaɗi a Islamiyya, dattawa na makara sallar asuba.

Amma fa mu faɗi gaskiya, 'ya'yanmu ne ke gasa tsire a ƙofar wajen, da cinikin ake biyan haya. Don haka ba rufewa muke nema ba. Mu je wajen Sarkin Hausawa, a kira mai wajen, a kashe janareta da sha biyu. In ya ƙi, sai mu kai kuka LASEPA.