Daren da jakar barcin aro ta hana ni runtsawa a Chappal Waddi

Labarin wannan makon daga kan dutse na ɗauko muku shi.

A hunturun da ya wuce ni da ƙanwata muka bi wata tawaga zuwa Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsayi a Najeriya, mita 2,419, a kan iyakar Jihar Taraba da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti. Mutanen yankin kan kira shi Gangirwal. Daga Jalingo mota ta bi da mu ta Bali da Serti. A Mayo Selbe hanya ta fara hawa tsaunin Mambilla, kwana bayan kwana, har kunnuwanmu suka toshe. Kafin mu kai Nguroje kowa ya lalubo rigar sanyinsa. Tuddai ne iya ganinki, shanu a warwatse, itatuwan turare a bakin gari. Daga nan sai babura, daga babura sai ƙafa, kowa da kayansa a baya.

Mu da muka daɗe a Legas mun manta da sanyi. Shi kuwa sanyin dutse yana da lissafinsa: duk mita 1,000 da aka hau, iska na ƙara sanyi da kusan digiri 6 da rabi. Ke nan ƙolin Chappal Waddi ya fi bakin teku sanyi da kusan digiri 16. Ga sararin hunturu babu gajimare, rana na faɗuwa ƙasa ke sakin ɗuminta.

Jakar barcin da na tafi da ita aro ce, ta wani ɗan yayata, saurayi dogo siriri. Mai kyau ce, cike da tattausan gashin agwagwa, ba ta da nauyi ko kaɗan. Ban gwada ta a gida ba. Sai a zangonmu na ƙarƙashin dutsen, bayan isha'i, na shiga da rigar sanyi biyu a jikina, zif ya zo ƙugu ya tsaya. Na ja numfashi na tilasta shi ya hau. Ga ni a miƙe kamar an naɗe ni a likkafani, Allah Ya sa mu cika da imani, ba damar juyi, ba damar tanƙwashe gwiwa. Ni kuwa a gefe nake barci tun ina yarinya.

Takura ba ita ce babbar matsalar ba. Gashin agwagwa ba ya ba da zafi da kansa. Iska yake riƙewa a tsakaninsa, jikinki ya ɗumama iskar, ita kuma ta tsare ki. Duk inda jiki ya danne shi ya kwanta, iskar ta fita, ba abin da ya rage sai yadi. Daidai ƙuguna da kafaɗata sanyi ya riƙa shiga kamar an ɗora ƙanƙara. Wajen ƙarfe ɗaya haƙorana na haɗuwa.

Wani a tawagar ya ce a ɗebo garwashi a shigar min cikin tanti. Kafin in buɗe baki mai yi mana jagora ya ce, "Hajiya, wuta ba ta kwana da mutum a ɗakin leda." Gaskiyarsa. Garwashi a rufaffen wuri na fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau ɗari biyu da wani abu. Ita ce dai mai kashe iyali idan aka kwana da janareta a kusa, ko kaskon wuta a ɗaki. Wata kuma ta miƙo min maganin mura mai sa barci, wai in samu in runtsa. Shi ma na ƙi. Idan zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, alamominsa su ne makyarkyata, harɗewar harshe, hannu ya kasa ɗaura igiya, sai ruɗewa. Wanda magani ya kwantar ba zai ji su ba, na kusa da shi ma ba zai gane ba. Kuma idan makyarkyata ta tsaya alhali mutum na cikin sanyi, abin ya ƙara muni ke nan.

Abin da muka yi mai sauƙi ne. Na sha shayi mai zafi da sukari, na sauya safa busasshiya, na ja hula har kunne. Aka zuba ruwan zafi a gora aka sa a cikin safa na rungume. Muka haɗa shimfiɗunmu ni da ƙanwata, muka buɗe jakunkunan biyu muka lulluɓa tare. Haka muka kai asuba.

Da na dawo na sayi tawa, kuma wannan karon da tef ɗin tela na fara. Ki sa kayan da za ki kwana da su, ki sauke hannuwa, a auna zagayen kafaɗa har da hannuwan, sannan ƙugu. Yawancin jakunkuna masu tsukakkiyar ƙafa zagayen kafaɗarsu bai wuce santimita 150 zuwa 160 ba, masu faɗi kan kai 165 zuwa sama. Mu mata a ƙugu muke shan wahala, don haka a nemi wannan awon ma. In da hali ki shiga ciki a shagon, ki ja zif, ki juya, ki tanƙwashe gwiwa. Kada ki ji kunyar mai shago. Amma kada a zarce: jaka mai girman buhu iska ce mai yawa da jikinki zai yi ta faman ɗumamawa. Ni na zaɓi mai sarari a gwiwa da ƙugu, mai matsewa a wuya, tsawonta ya fi ni da taƙi ɗaya kawai.

Za ki ga an rubuta cewa jakar ta yanayi uku ce. Lissafin Turai da Amurka ne, wato duk shekara ban da lokacin dusar ƙanƙara, bai shafi damina da bazararmu ba. Abin dubawa shi ne lambobi uku na gwajin ISO 23537. Ta farko, mafi girma, ita ce sanyin da mace za ta yi barci a sake. Ta biyu ta namiji ce da ya dunƙule. Ta uku ta tsira da rai ce kawai. Masu talla sun fi son rubuta ta biyu da manyan baƙaƙe. Mace, da duk mai saurin jin sanyi, ta farko za su bi. Don tsaunukanmu na ɗauki wadda lambarta ta farko ke kusa da digiri 0. In zafi ya dame ki, buɗe zif ba wuya.

Akwai wata lamba, 600 ko 700 ko 800, mai nuna yadda gashin ke kumbura. Mafi girma ta fi rashin nauyi, ta kuma fi tsada, amma ɗumi ya dogara har da yawan gashin da aka zuba. Raunin gashin agwagwa ruwa ne. Ya jiƙe, ya cure, aikinsa ya ƙare, kuma ba ya bushewa da wuri. A hanyar da ake tsallaka rafuka, ki sa jakar cikin leda mai kauri kafin ta shiga jakar baya. Iyalin da sau ɗaya za su yi irin wannan tafiya, ni a ganina mai cikin zaren roba ta ishe su: ta fi nauyi, amma ta fi araha da jure laima. Haka zan ce wa mai asma da gashin tsuntsu ke tayar masa da ciwo. Kowace aka saya, sai da shimfiɗa mai kauri a ƙasa, tunda abin da ke ƙarƙashinki a danne yake. Jariri kuwa ba a sa shi cikin jakar babba, yana iya zamewa ciki numfashi ya toshe.

Mai sayen gwanjo ta girgiza jakar, ta bar ta ɗan lokaci ta ga ko za ta tashi, sannan ta ɗaga ta saitin rana. Inda haske ya ratsa, gashi ya ƙaura daga wurin. In tana warin gumɓa, a bar musu kayansu. A gida kuma ba a ajiye ta a matse cikin ƙaramin buhunta. Tawa tana rataye a bayan ƙofa, yara suna ta tambaya yaushe za a je da su.

Ƙolin dutsen mun kai shi da hantsi, idanuna jawur saboda rashin barci. Mai jagora ya nuna mana tuddan Kamaru a gabanmu, iska na kaɗa mayafina. Na zauna a kan ciyawa don in huta minti biyar, sai ƙanwata ce ta tashe ni wai a fara sauka.